Hannun Rogelio Banda

Shekara ashirin da biyu Glenda Pruitt ta yi tana aikin sufeto a sashen kula da kayan nukiliya na ma'aikatar lafiyar jiharsu, kuma a duk tsawon shekarun nan sau biyu kacal ta taɓa ganin hannun da tururin nukiliya ya ƙona, kafin na Rogelio Banda.

Wani likita ne ya bugo mata waya ran Talata da hantsi, daga wani ƙaramin asibiti a yammacin jihar, can inda babu komai sai rijiyoyin gas da shanu. Ya ce an kawo masa mutum da hannun dama a kumbure, yatsu uku sun yi bororo kamar an tsoma su a tafasasshen mai, amma mutumin ya rantse ko kusa da wuta bai je ba. Sai da matarsa ta faɗi irin aikin da yake yi, sannan likitan ya nemi lambar ofishinsu.

Tun kafin Glenda ta kama aiki jihar ta ƙulla yarjejeniya da hukumar nukiliya ta tarayya, aka raba aiki gida biyu. Asibitoci da masana'antu da masu ɗaukar hoton walda suka dawo hannun jiha, tashoshin wutar nukiliya da duk wani fili na gwamnatin tarayya suka zauna a hannun hukumar. A takarda, sufetoci bakwai ya kamata jihar ta ajiye. Huɗu ne suka rage, ɗaya kuma tana hutun haihuwa. Saboda haka Glenda ba ta tsaya neman abokin tafiya ba. Ta ɗauki mitocinta biyu na auna tururin nukiliya ta zuba a motar ofis, ta yi tuƙin awa biyar.

A gida ta same shi, don asibitin sun naɗe hannun sun sallame shi. Gajere ne kakkaura, ɗan shekara arba'in da ɗaya, sha huɗu daga ciki a wannan sana'a. Aikinsa ɗaukar hoton walda a jikin bututu, don a ga ko akwai tsaga a ciki. Abin da suke kira kyamara wani akwatin ƙarfe ne mai nauyin gaske, a cikinsa akwai ƙwayar iridiyam da ba ta kai ƙwayar wake ba. Mutum zai tsaya nesa ya murɗa hannu, waya ta tura ƙwayar ta cikin tiyo har bakin waldar, hoto ya ɗauku, ya murɗo ta ta koma gidanta. Ƙa'ida ita ce kada ka matsa kusa sai mita ta nuna maka ƙwayar ta koma.

Ranar farko Rogelio bai faɗa mata komai ba. Ya zauna a teburin kicin da hannun a kan filo, duk tambayar da ta yi sai ya ce bai tuna ba. Matarsa Araceli ce ke ta kai da kawowa, ta ajiye kofi, ta ajiye gurasar tortiya mai zafi, ta harare shi ta koma. Glenda ba ta matsa ba. Ta san abin da yake tsoro: a yankin nan kamfanonin hoton walda ba su fi biyar ba, kuma duk masu su sun san juna.

Washegari ta dawo da safe. Ta roƙe shi ya bar ta ta ga hannun. Da Araceli ta kwance bandejin, Glenda ta daɗe tana kallo. Babban yatsa da manuniya da na tsakiya, sai wani jan tabo a tafin hannu mai tsawon tiyo.

"Kwana nawa yau?" ta tambaye shi.

"Sha uku."

"Mista Banda, ba zan ɓoye maka ba. Wannan ba warkewa ya fara ba, yanzu ya fara ci. Likitocin da za su duba ka suna bukatar su san minti nawa ka riƙe tiyon nan, kuma daga ina. Ni kaɗai ba zan iya lissafa musu ba sai da bakinka."

Araceli ta ce, "Gaya mata, Baban Nayeli. Ogan naka ko waya ya bugo ya ji yadda ka kwana?"

Ya ɗago ya tambayi Glenda ko abin da zai faɗa zai dawo kansa. Ta ce masa ita ke riƙe da binciken nan daga farko har ƙarshe, ta san yadda ake tura ma'aikata aiki da lalatattun kaya, kuma ba shi take nema ba. Da zuciya ɗaya ta faɗa.

Sai ya buɗe baki. Ya ce ran Alhamis ɗin da abin ya faru ogansu Hoyt Lasseter ya tura shi wani sabon bututun gas da ake shimfiɗawa a gefen filin atisayen soja. Doka ta ce mutum biyu, amma da tsakar rana Hoyt ya janye abokin aikinsa Dale ya tura shi wani wuri, ya ce masa walda ashirin ce kawai, ya ƙarasa. Mitar da ke motar tun safe allurarta take maƙalewa. Ya gaya wa Hoyt a waya, Hoyt ya ce ya ɗan bubbuga ta, haka take yi in ta ji sanyi. A walda ta goma sha bakwai ya murɗo waya, ya ji ta dawo da sauƙi fiye da kullum, ya duba mita ya ga allura a kwance. Ya je ya kama bakin tiyo ya kwance shi daga bututu, ya ɗauka ya kai walda ta gaba, ya tsaya yana ɗaurawa. Sai da ya wanke fim ya ga ya fito baƙi ƙirin, sannan ya gane ƙwayar ta kuɓuce daga waya, tana nan a bakin tiyo tun ɗazu, a cikin tafin hannunsa.

"Ka san mitar ba ta da lafiya, amma ka ci gaba?" Glenda ta tambaya, ba da faɗa ba.

"Na sani, Madam. Da na tsaya, da washegari wani ne a motar ba ni ba."

Ta rubuta wannan a littafinta kamar yadda ya faɗa. Ta rubuta cewa Hoyt da kansa ya zo da dogon awartaki ya mayar da ƙwayar cikin kyamara, ya karɓi bajon da ke auna tururin da ya shiga jikin Rogelio ya sa a aljihu, ya ce masa ya je gida ya huta kwana biyu. Doka ta ce a sanar da hukuma cikin awa ashirin da huɗu. Ba wanda aka sanar.

Da la'asar ta sa shi a mota ya nuna mata wurin. An riga an binne bututun, amma fegin walda ta goma sha bakwai yana nan da jan kyalle. Shingen waya na filin soja yana can gefe, tsakaninsa da fegin kamar taku goma sha biyar. Suna waje da shingen sarai. Ta ɗauki hotuna, ta auna, ta mayar da shi gida.

Ran Alhamis ta je shagon Hoyt Lasseter. Ta san shi shekara da shekaru. Dogo ne mai tumbi da fara'a, irin mutanen da ke tuna sunan karenka. A watan Maris ya kamata ta zo masa binciken shekara-shekara, ƙarancin ma'aikata ya sa aka ɗaga zuwa kaka.

"Uwar doka da kanta," ya ce, yana miƙo mata kujera. "Na ɗauka kin manta da mu talakawan yamma."

Ta ce tana son ganin kyamarar da Rogelio ya yi aiki da ita, da wayarta, da mitar, da bajon. Ya ce kyamara tana daji wurin aiki sai Juma'a, mita tana wurin gyara, bajo kuma an aika da shi awo. Duk yana murmushi. Daga nan ya jawo durowa ya fito da wata taswira ya shimfiɗa a tebur.

"Ba don na hana ki aikinki ba, Madam Glenda. Amma kin tabbata wurin nan naki ne?"

Ya nuna mata da bakin biro. Shingen da ta gani ba a kan iyaka yake ba. Tun shekarun baya sojoji suka ja shi ciki saboda wani kwazazzabo, iyakar gaskiya tana waje da shi. In taswirar nan daidai ce, walda ta goma sha bakwai tana cikin filin tarayya da ƙafa arba'in. Glenda ta ce in haka ne ai ya ƙara wa kansa laifi, don bai cika takardar neman izinin shiga filin tarayya ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce takarda ce, zai amsa laifinta a gaban masu ita. Lauyansa ma ya riga ya kira ofishinsu da safe.

Ba ta kai mota ba shugaban sashensu, Curtis Amsden, ya kira. Curtis ya girme ta a muƙami, ta girme shi da shekara goma sha biyu. Ya ce ta tattaro ta dawo. In wurin na tarayya ne, duk abin da ta karɓa ko ta ƙwace lauyan Hoyt zai ce ba ta da hurumi, ya watsar da shi a kotu. Ta ce kamfanin dai lasisin jiha yake riƙe da shi, kyamarar kuma gobe za ta dawo shago, shagon a ƙasar jiha yake. Ya ce ya sani, amma lauyoyin ma'aikata sun ce kada a taɓa komai sai an tantance.

Kwana tara aka yi ana tantancewa. Lauyoyin jiha suka rubuta wa na tarayya, na tarayya suka rubuta wa sojoji, sojoji suka tono takardar da jihar ta miƙa filin tun zamanin yaƙin duniya. Aka tura safiyo ya kafa ƙafafun na'urarsa a kan fegin. Taswirar Hoyt ta yi gaskiya, sai dai ƙafa talatin da takwas ne ba arba'in ba.

Sufeton tarayya ya iso ran Litinin ta jirgin safe. Sunansa Neil Sobczak, siriri mai furfura da jakar da zik ɗinta ya lalace. Glenda ta shirya ta tsane shi, amma bai ba ta dalili ba. Ya ce mata su uku ne a ofishin yankinsu ke bin irin wannan aiki a jihohi da yawa, kuma daga wani asibitin tsofaffin sojoji ya taho kai tsaye. Ya nemi fayil.

Da safiyar ranar, kafin ya iso, ta zauna da littafinta a buɗe a shafin da Rogelio ya ce ya san mitar ba ta da lafiya. Littafi ne mai zobe, shafi ɗaya in ya fita ba mai ganewa. Ta sa yatsa a gefen takardar. Ta tuna cewa a shafin nan ne kuma maganar wayar da ya yi wa Hoyt take, da amsar da Hoyt ya ba shi. Kuma a shekara ashirin da biyu ba ta taɓa cire shafi ba. Ta rufe littafin ta haɗa da fayil.

Da Neil ya gama karantawa ta ce masa, "Mutumin nan ni ya yarda da ni ya yi magana. Na ce masa ba shi ake nema ba."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Da ni ne, da ban faɗa masa haka ba. Ba ni ke yanke hukunci ba, Madam Pruitt, kwamiti ne a hedikwata. Zan rubuta musu yadda abin yake, iyakar abin da ke hannuna ke nan."

Ta tambaye shi batun kyamara. Ya ce abin da ya faru a filin nasu ne, amma kyamarar a ƙarƙashin lasisin jiha take, kuma yanzu a ƙasar jiha take aiki. Shi zai iya neman a nuna masa ita, ya kuma rubuta wa Hoyt wasiƙar haka, amma dakatar da ita daga aiki na jiha ne. Ta haura sama ta gaya wa Curtis. Curtis ya ce kyamarar yanzu shaida ce a binciken tarayya, in suna so a dakatar da ita su rubuto a hukumance. Neil ya ce zai rubuta, sai dai wasiƙa irin wannan sai lauyansu ya sa hannu, lauyan kuma yana wani taro. Ya je yamma ya yi kwana biyu, ya ga Rogelio, ya ga Hoyt. Kyamarar a lokacin ma tana daji. Ya hau jirgi ya koma.

Araceli ta riƙa kiran Glenda a wayarta ta hannu. An mayar da Rogelio babban asibitin birni, fatar yatsun ta saɓule, ciwon ba ya barinsa ya runtsa ko da allura. Glenda ta taimaka wa likitocin da lissafin tururin da hannun ya sha, wannan ba wanda ya hana ta. Amma duk lokacin da Araceli ta tambayi ina aka kwana da maganar Hoyt, sai ta ce binciken ya bar hannunta, ta ba ta lambar Neil. A kira na huɗu Araceli ta ce ta gaji da lambar da ba a ɗagawa.

"Ba don wannan ma na kira ba," ta ce. "Matar Dale ce ta zo duba mu jiya. Ta ce kyamarar nan tana motar mijinta, da ita yake fita kullum. Kin sani?"

Glenda ba ta sani ba, ko da yake ta yi zato. Ta ajiye waya. Binciken shekara-shekara da aka ɗaga daga Maris yana nan a jadawali, kuma doka ta ba sufeto damar zuwa ba sanarwa. Ta cika takardar fita, ta ajiye a teburin Curtis lokacin da yake wurin cin abincin rana, ta kama hanya.

Washegari da hantsi ta samu motar Dale a wata tashar matsa gas, mil talatin daga duk wani filin tarayya. Dale Hutchins ya haura hamsin, rana ta gasa masa wuya, ba ya son magana. Su biyu ne a wurin kamar yadda doka ta ce. Ta duba lambar kyamarar, ita ce. Ta durƙusa ta kama wayar. Sabuwa ce fil, ko man masana'anta bai gama gogewa ba. Mahaɗin da ke riƙe ƙwayar ma sabo. Ta gwada shi da ma'auninta ya zauna daram. Mitar da ke rataye a kafaɗar Dale sabuwa. A littafin gyara an rubuta cewa an canza wayar tun watan Fabrairu, da biro ɗaya da hannu ɗaya tun daga shafin farko.

Ta jira abokin aikin ya tafi mota ɗauko fim, sannan ta ce, "Yaushe aka sa wannan, Dale?"

Ya kalli littafin. "Abin da aka rubuta ke nan."

"Ba littafin na tambaya ba."

Ya tofar da yawu gefe, ya juya wa motar baya. A hankali ya ce ran Larabar da ta wuce ƙwayar ta sake kuɓucewa, a hannunsa. Allah ya sa ya zo da tsohuwar mitarsa ta gida, ita ta yi ƙara tun yana nesa. Ya kira Hoyt ya ce ko a canza waya yau ko ya ajiye makulli. Da yamma aka kawo sabuwa. Tsohuwar kuwa Hoyt ya yanka ta gunduwa-gunduwa da injin yankan ƙarfe, ta bi motar 'yan gwangwan.

Ta ce zai maimaita wannan a rubuce?

"Madam, na ga wanda ya ba ki labari a rubuce. Shekaranjiya matata ta dawo daga wurinsa ko abinci ta kasa ci. Saura shekara shida in ajiye aiki. Ban ce miki komai ba."

Ta gama bincikenta. Ba ta samu ko laifi ɗaya da za ta rubuta ba. Wasiƙar tarayya mai neman jiha ta dakatar da kyamarar ta iso ofis kwana uku bayan haka. Curtis ya kawo mata da kansa, ya ajiye a teburinta, bai ce komai ba game da fitar da ta yi. Ita ma ba ta ce ba. Ta rubuta wa Neil abin da Dale ya faɗa ba tare da suna ba. Ya amsa cewa ya gode, amma maganar da ba mai ita ba ta shiga rahoto.

A watan Satumba aka yanke wa Rogelio manuniya da yatsan tsakiya. Likitoci suka yi ta fama da babban yatsa, suka ɗebo fata daga cinyarsa suka lika, ta ƙi kamawa. Kafin Kirsimeti shi ma aka cire.

Hukuncin ya fito a watan Fabrairu. An samu kamfanin Hoyt da laifin shiga filin tarayya ba izini, da barin mutum ɗaya a bakin aiki, da ƙin kai rahoto a kan lokaci. Aka ci shi tara, aka hana shi aiki a filayen tarayya shekara biyu. Batun lalatacciyar waya da mita, aka ce ba a samu hujjar da ta tabbatar ba. Bajon kuma kamfanin awo ya ce bai taɓa isowa wurinsu ba. A ƙasan wannan akwai takarda ta biyu da sunan Rogelio Banda: da bakinsa ya amsa cewa ya ci gaba da aiki da mitar da ya san ba ta aiki, saboda haka an hana shi taɓa kayan nukiliya shekara ɗaya. An kawo maganarsa kalma bayan kalma, yadda Glenda ta rubuta ta. Neil ya kira ta ya ce ya yi musu gardama a kan takarda ta biyun, shekara uku suka so, shi ya jawo ta zuwa ɗaya. Ta ce ta gode. Ba ta ga abin da shekara ɗaya ko uku za ta canza wa mutumin da ba zai sake murɗa waya ba.

Yanzu da tarayya ta gama, jiha ta samu damar buɗe nata fayil a kan lasisin Hoyt. Glenda ta yi sati uku tana haɗa shi. Kafin a sa ranar zama, Hoyt ya aiko da wasiƙa mai ladabi ya ce ya mayar da lasisinsa, zai huta haka nan, ya sayar da kayan aikinsa. Wanda ya saya mijin 'yarsa ne, ya kuma yi wa sabon kamfani rajista a jihar da ke hayin kogi, inda hukumarsu ta ba shi lasisi sabo dal. Lauyoyin ma'aikata suka ce ba a zaman ƙwace lasisin da babu shi. Aka rufe fayil.

Ran wata Asabar ta ɗauki motarta ta kanta ta tafi yamma. Ba ta sanar ba, don tana tsoron a ce kada ta zo. Araceli ce ta buɗe ƙofa da rigar aikin wani kantin sayar da kayan masarufi a jikinta, tana shirin fita. Ta tsaya a bakin ƙofar ba ta matsa ba.

"Yanzu kuma wace hukuma ce ta aiko ki?"

"Ba kowa. Ni na zo."

"Takardar tana kan firij, in kina son gani. Nayeli ce ta karanta mana. Ta ce Baba, ai maganarka ce sak."

Daga ciki Rogelio ya ce a bar ta ta shigo. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana zaune da wata 'yar ƙwallon roba da asibiti suka ba shi, yana matsa ta da yatsu biyun da suka rage. Glenda ta zauna. Duk abin da ta shirya a awa biyar na hanya ya gudu, sai ta faɗi abin da ya rage: ta yi masa alkawarin da ba nata ba ne ta yi, kuma ita ta miƙa littafin da hannunta, ba ƙwacewa aka yi ba.

Ya ci gaba da matsa ƙwallon. Ya tambaye ta, da a ce fegin nan yana ƙafa talatin da takwas ta wancan gefen, da me zai faru. Ta ce da ran Juma'ar nan ta ƙwace kyamarar da tsohuwar wayarta, da ta rufe shagon kafin Litinin. Ya tambaya ko da shi ma ta rubuta masa takarda. Ta so ta ce a'a. Ta ce da ta rubuta masa gargaɗi, ba hani ba, amma da ta rubuta.

Ya gyaɗa kai. "To, kin ga. Ki sha kofi, Madam, hanya da nisa." Ya juya ya ce wa Araceli ta tafi kada ta makara, shi zai iya ɗora tukunya da hagu. Araceli ta ɗauki jakarta ta fita ba ta yi wa Glenda sallama ba.

A watan Mayu wata takarda ta iso teburin Glenda da safe. Kamfanin hayin kogi ne ke sanar da cewa zai shigo jiharsu aikin kwana goma a wani bututu, da lasisin jiharsa, kamar yadda jihohin suka amince wa juna. A jerin ma'aikata akwai Dale Hutchins. A layin mai ba da shawara kan tsaron lafiya an rubuta H. Lasseter. Ta kai wa Curtis. Ya karanta sau biyu ya ce hanin da aka yi na filayen tarayya ne, kuma a kan tsohon kamfani. Lasisin nan lafiyarsa ƙalau, ba su da abin kamawa. Ta kira takwararta ta hayin kogi ta ba ta labari tun daga farko. Matar ta saurara, ta ce su ma su biyar ne, za ta sa kamfanin a sahun gaba in an zo zagayen bincike.

Glenda ta sa hannu a ranar ƙarshe da doka ta ba ta. Ran da suka fara aiki ta riga su isa wurin. Mutum biyu ne, mitoci biyu, an kewaye wurin da igiya da allunan gargaɗi. Hoyt ya zo da tsakar rana ya ɗaga mata hannu daga cikin mota, bai sauko ba. Ta tsaya a bayan igiya da mitarta tana kallon Dale yana murɗa waya, yana dubawa, yana matsawa, walda bayan walda, har suka tashi. Kwana biyu ta yi a haka. A na uku Curtis ya kira ya ce akwai wani asibiti a gabas da bincikensa ya wuce lokaci da wata huɗu, kuma babu wanda zai je sai ita. Ta kashe mita ta sa a akwati ta tafi.